John Innes ko CIMMYT: Ina Mai Son Binciken Alkama Zai Dosa?

Wata ɗalibata da ta kammala digiri na biyu a kan cututtukan alkama ta shigo ofishina da takarda a hannu, ta shimfiɗa ta a kan tebur tun kafin ta zauna. Ta ja layi a tsakiya. A dama ta rubuta John Innes, a hagu CIMMYT, wato cibiyoyin bincike biyu da take tunanin nema, a ƙarƙashin kowanne kuma ta jera abin da ta kwaso daga Scopus, rumbun da ke ƙirga maƙalun kimiyya da ambatonsu: yawan maƙalu, yawan ambaton da aka yi musu, da matsakaicin ambaton da kowace maƙala ke samu. Ta ɗora yatsa a kan layi na ƙarshe, inda ɓangaren John Innes ya rinjaya, ta ce, "Malam, ai magana ta ƙare ko? Can zan nema." Na ce ta zauna tukuna. Lissafinta babu kuskure, sai dai tambayar da ya amsa daban take da wadda ta kawo ta wurina.

Duk cibiyoyin biyu suna aiki a kan alkama, kuma duk biyun sun isa a kira su manya, shi ya sa kwatanta su yake da amfani. John Innes tana Norwich a gabashin Ingila. An kafa ta a 1910 a Merton da ke Landan da dukiyar da wani attajiri mai wannan suna ya bari, shugabanta na farko kuwa William Bateson ne, mutumin da ya raɗa wa ilimin gadon halitta sunan da ake kiransa da shi a Turance. Ta koma Norwich a 1967, sannan a 1994 aka haɗe ta da wasu ɗakunan bincike biyu ta zama cibiyar da ake gani yau. CIMMYT kuwa hedikwatarta tana El Batán, kusa da birnin Meziko. Tushenta shirin da gwamnatin Meziko da Gidauniyar Rockefeller suka fara a 1943, wanda masanin noma Norman Borlaug ya shiga a 1944, aka kuma kafa ta da wannan suna a 1966 don masara da alkama.

Labari ɗaya ya isa ya nuna bambancinsu, don haka da shi na fara mata.

A 1953 wasu 'yan tsabar alkama suka isa hannun Borlaug daga Orville Vogel na jihar Washington a Amurka. Jikokin wata gajerar alkamar Japan ce mai suna Norin 10. Matsalar da ake fama da ita a lokacin ita ce doguwar alkama in ta sha taki sai ta yi tsayi, kai ya yi mata nauyi, iska ta kwantar da ita. Borlaug da abokan aikinsa suka yi ta haɗa gajerar da irin da suke da shi mai jure cutar tsatsa, suna shuka sau biyu a shekara: da hunturu a Ciudad Obregón da ke jihar Sonora, dab da matakin teku, da damina kuma a tuddan Toluca mai tsayin kusan mita 2,600. Gaggawa ce ta sa su wannan kai-komo, don su rage shekarun jira, amma sai ya haifar musu da abin da ba su nema ba, wato alkamar da tsawon yini bai dame ta ba, wadda za ta yi a ƙasashe da yawa. A 1962 aka saki gajerun irin alkama biyu, Pitic 62 da Penjamo 62. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na iri daga Meziko. Alkamar da Indiya ke girbewa ta tashi daga tan miliyan 12.3 a 1965 zuwa tan miliyan 20.1 a 1970, ta Pakistan kuma daga miliyan 4.6 zuwa 7.3. A 1970 ɗin aka ba Borlaug kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Duk wannan ya faru babu wanda ya san takamaiman abin da ke gajarta karan. An san dai akwai ƙwayoyin gado da ake kira Rht, ana ganin aikinsu a gona, amma me suke ƙerawa a cikin tsiron? Amsar ta fito ne a 1999, a mujallar Nature, daga ɗakin binciken Nick Harberd a John Innes. Kuma ta hanyar da babu mai noman alkama da zai yi tsammani suka bi: wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, wadda ba a ci, ba a sayarwa. A jikinta suka fara gano wata ƙwayar gado, GAI, suka ga cewa furotin ɗin da take ƙerawa birki ne a kan girman tsiro, sinadarin jibarelin ne ke sakin birkin. Da suka duba alkama sai ga 'yar'uwarta, ita ce Rht, an ɗan sauya ta yadda birkin ba ya saki sosai. Shekara 37 ke nan tsakanin sakin irin da fahimtar sirrinsa.

To, in ka buɗe Scopus, maƙalar 1999 za ka gani da tarin ambato a bayanta. Pitic 62 ba ta da layi a can. Babu manomin da ke rubuta maƙala ya ambaci irin da ya shuka. Haka kuma in ka auna da buhun da aka girbe, maƙalar Harberd ba ta ƙara ko mudu ɗaya ba a shekarar da ta fito, alhali ita ta buɗe wani fage sukutum na fahimtar yadda tsiro ke sarrafa girmansa, wanda masu shinkafa da masara da sha'ir duk suke ɗiba a ciki har yau. Kowane ma'auni yana ganin ɗaya, ɗayar kuma tana ɓace masa.

Abin da alƙaluman suke faɗa

Ban ce a watsar da lissafin ambato ba. Ni ma ina duba shi, kuma duk kwamitin da zai ɗauke ka aiki nan gaba zai duba. Abin da nake so shi ne ka san abin da yake ƙirgawa: sau nawa wani mai rubuta maƙala ya sa sunan aikinka a jerin madogararsa. Daga nan abubuwa da dama suke biyowa.

Na farko, saurin tsiron da kake aiki a kai yana shiga lissafin. Arabidopsis daga shuka zuwa tsaba mako shida zuwa takwas ne, kundin ƙwayoyin gadonta ƙarami ne, an gama karanta shi tun 2000, kuma dubban ɗakunan bincike a duniya suna aiki a kanta suna ambaton juna. Alkamar burodi kundinta ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, kowace ƙwayar gado kusan kwafi uku gare ta daga kakanni uku, sai a 2018 aka buga cikakken karatunsa. Gwajin gona kuwa kaka ɗaya kake samu, in ruwa ya ƙi ko cutar da kake jira ba ta zo ba, shekara ta tafi. Sannan babu mujallar kirki da za ta karɓi sakamakon wuri ɗaya na shekara ɗaya. Makin tasirin mujalla da Eugene Garfield ya assasa yana duba ambaton shekara biyu ne kawai bayan bugawa. Shekara biyu ta ishi mai Arabidopsis ya karanta aikinka, ya gwada, ya buga nasa ya ambace ka. Mai gwajin gona a lokacin bai ma gama tattara bayanansa ba.

Na biyu, nau'in maƙala yana da tasiri fiye da yadda sabon shiga ke zato. Maƙalun bita da na bayanin hanyar aiki su ne ke kwashe ambato. Haɗin abincin renon tsiro a kwalba da Murashige da Skoog suka buga a 1962 yana cikin maƙalun da aka fi ambata a tarihin kimiyya baki ɗaya, saboda duk wanda ya dama haɗin sai ya ambace su. Cibiya mai 'yan irin waɗannan guda uku ko huɗu matsakaicinta zai haura sama, ko da sauran ayyukanta na yau da kullum ne. Shi ya sa matsakaici yake yaudara. Gara ka tambayi kashi nawa na maƙalun cibiyar ne suke cikin kashi 10 na sama a fanninsu da shekararsu, irin ma'aunin da masu jadawalin jera jami'o'i na Leiden suke amfani da shi.

Na uku, ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, wanda ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu a adadi ɗaya, yana girma ne da shekaru da yawan ma'aikata, kuma ba ya taɓa raguwa. Kwatanta shi tsakanin cibiyoyi biyu masu girma daban-daban ɓata lokaci ne. Ga kuma maƙalun haɗin gwiwa masu marubuta ɗari da wani abu, irin na karatun kundin alkama, waɗanda kowace cibiya da ke da mutum ɗaya a ciki take lissafa su a matsayin nata. In kana son sanin aikin da aka yi a gidan da gaske, duba inda marubuci na farko da marubucin da ake tuntuɓa suke zaune.

Masana da kansu sun daɗe da sanin wannan. Sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012 ta nemi a daina auna mutum da makin mujallar da ya buga a ciki, a 2015 kuma aka fito da ƙa'idoji goma na Leiden masu irin wannan manufa. An sa hannu da yawa. Ɗabi'a ce dai take da wuyar sauyawa.

Kayan da kowace take fitarwa

John Innes tana ƙera fahimta ne da kayan aiki. A can ne a 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke sa waken Mendel ya yamutse, fiye da shekara 120 bayan shi Mendel, uban ilimin gadon halitta, ya bayyana yadda ake gadon siffar. Enrico Coen, tare da Elliot Meyerowitz na Amurka, ya fito da bayanin yadda rukunoni uku na ƙwayoyin gado suke tsara sassan fure a 1991, bayanin da yanzu babu littafin koyar da tsirrai da ba ya cikinsa. Caroline Dean ta shafe shekaru fiye da talatin a kan tambaya guda: yaya tsiro yake tuna cewa hunturu ya wuce har ya san lokacin fure ya yi? Wannan ya burge ni ƙwarai, domin cibiyar da za ta bar mutum ya zauna a kan tambaya ɗaya tsawon rayuwar aikinsa ba ta da yawa a duniya.

A ɓangaren alkama, abubuwa biyu na kusa-kusa sun cancanci a tsaya a kansu. A 2018, tare da abokai daga Ostireliya, suka buga hanyar gaggauta tsatso: a ba tsiro haske na awa 22 a yini a cikin ɗaki mai daidaitaccen zafi, sai a samu har tsatso shida na alkama a shekara, maimakon biyu da Borlaug ya samu da jigilar iri tsakanin tudu da gangare. Sai kuma tarin Watkins, irin alkamar gargajiya 827 da A. E. Watkins ya sa aka tattaro daga ƙasashe 32 a shekarun 1920 da 1930, aka adana aka yi ta sabuntawa. Da aka karanta kundinsu tare da masu bincike na Shenzhen a ƙasar Sin, sakamakon da ya fito a Nature a 2024 ya nuna cewa alkamar zamani daga rukunoni biyu kacal ta fito cikin bakwai na kakanni, sauran biyar ɗin suna nan ba a taɓa su ba.

Amma ka lura da abu ɗaya: John Innes ba ta sakin irin alkama ga manoma. A Birtaniya kamfanoni ne ke wannan aikin, tun bayan da aka sayar da sashen samar da iri na tsohuwar cibiyar binciken iri ta gwamnati da ke Cambridge a 1987. Abin da ta gano sai wani ya ɗauka ya kai gona, kuma hanyar tana da tsawo. Tumatir mai launin shuni-ja na Cathie Martin ta John Innes ya fito a mujalla a 2008, sai a 2022 hukumar noma ta Amurka ta ba shi hanya. Shekara goma sha huɗu. Wanda ya shiga kimiyya don ya ga aikinsa a hannun manomi yana iya ƙare digirinsa a Norwich, ya yi wasu shekaru a bayansa, bai ga hakan ba.

CIMMYT kuwa layukan iri take fitarwa, wato sababbin zuriyoyin iri da ba a riga an sake su ga manoma ba. Kowace shekara tana shirya ƙunshin tsaba na sababbin layuka, ta aika wa ɗaruruwan abokan hulɗa a ƙasashe da dama kyauta, a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya kan albarkatun gadon tsirrai. Cibiyoyin ƙasashen su gwada, su zaɓi wanda ya dace, su raɗa masa nasu sunan su saki. Haɗi ɗaya na Meziko shi ne ya zama Kalyan Sona a Indiya, ya zama Mexipak a Pakistan, ya zama Siete Cerros a gida. Ka ga tun daga suna an riga an shafe sawun wanda ya yi aikin. Sanjaya Rajaram, wanda ya gaji Borlaug a shugabancin shirin alkama, ya samu kyautar abinci ta duniya a 2014 saboda irin alkama 480 da aka saki daga aikinsa a ƙasashe 51. Ɗauki sunansa ka jera shi da fitattun masana ƙwayoyin gado a ma'aunin ambato, ba za ka taɓa gane girman abin da ya yi ba.

Akwai ƙiyasin tattalin arziki da aka yi ƙoƙarin cike giɓin da shi. Wani nazari da ya fito a 2016, wanda ya duba 1994 zuwa 2014, ya ƙiyasta cewa binciken alkama na CGIAR, wato gamayyar da CIMMYT take ciki, yana jawo ribar dala biliyan 2.2 zuwa 3.1 a shekara daga jarin kusan dala miliyan 30. Adadi ne mai girgiza mutum, kuma na yarda alƙiblarsa daidai ce. Sai dai ka riƙe shi da irin taka-tsantsan ɗin da ka riƙe lissafin ambato da shi. Cibiyar ce da kanta ta buga shi. Ya kuma dogara da sanin faɗin ƙasar da aka shuka kowane iri, wanda galibi daga ƙiyasin ƙwararru ake samu. Inda aka bi gonaki aka ɗebi samfur aka gwada ƙwayoyin gadonsa, kamar a Habasha, an sha tarar da cewa sunan da manomi ya ba irinsa daban, abin da ke cikin gonar daban. Sannan ribar ba ta CIMMYT ita kaɗai ba ce: akwai cibiyar ƙasar da ta gwada, da mai ninka iri, da malamin gona da ya kai.

Kada kuma ka ɗauka CIMMYT ba ta buga maƙalu masu nauyi. Ayyukan José Crossa a kan zaɓen iri ta hanyar hasashe daga kundin ƙwayoyin gado suna cikin waɗanda kowa a fagen yake ambata. Masananta suna cikin waɗanda suka bayyana Lr34 a mujallar Science a 2009, ƙwayar gadon da ta yi kusan ƙarni tana kare alkama daga tsatsa ba tare da cutar ta karya ta ba. Bambancin shi ne, a can maƙala tana biyo bayan aikin iri ne, a Norwich kuwa ita ce amfanin gonar.

Rana ɗaya, cuta ɗaya

A farkon 2016 wata cutar alkama da aka sani a Kudancin Amurka tun 1985, mai busar da zangarniya ta bar ta fari fat babu ƙwaya, ta ɓulla a Bangaladash, ta shafi kusan hekta 15,000. Masu bincike na harabar Norwich da abokansu na Bangaladash suka karɓi ganyayen da suka kamu, suka karanta ƙwayoyin gadon naman gwarin, suka zuba ɗanyun bayanan a intanet kowa ya gani tun kafin a rubuta maƙala. A cikin watanni aka tabbatar cewa daga zuriyar Kudancin Amurka cutar ta fito. CIMMYT kuma ta duba cikin layukanta, aka sami mai juriya, a 2017 Bangaladash ta sake shi da sunan BARI Gom 33. Ɗaya ta faɗi wane ne abokin gaba da inda ya fito, ɗaya ta miƙa wa manomi abin da zai shuka baɗi. Ban san yadda za a ce ɗayan aikin ya fi ɗaya ba, amma na san sarai wanda ya fi tara ambato.

Wannan kuma yana nuna cewa bangon da ke tsakaninsu ba mai tsayi ba ne. Diane Saunders ta John Innes, da masanan CIMMYT da na cibiyar binciken noma ta Habasha, sun haɗa wata hanyar gwaji mai suna MARPLE da ke amfani da 'yar na'urar karanta ƙwayoyin gado da ba ta fi wayar hannu girma ba, a gane nau'in tsatsa mai rawaya cikin kwana biyu a kusa da gona, maimakon aika samfur ƙasar waje a jira watanni. Irin waɗannan ayyukan na tsakiya su nake fara nuna wa duk ɗalibin da zuciyarsa ta rabu biyu.

Yadda ranakunka za su kasance

Alƙaluma ba sa faɗar wannan, alhali shi ne abin da za ka rayu a ciki. Bayan da aka gano tsatsar kara ta Ug99 a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, wadda ta karya garkuwar Sr31 da alkamar duniya da yawa ta dogara da ita, sai aka shiga kai dubban layukan CIMMYT da na wasu Njoro a Kenya don a gwada su. Aikin shi ne ka shiga tsakanin kunyoyi da safe, ka sunkuya, ka kama kara ka juya shi, ka ƙiyasta kashi nawa na jikinsa ƙurajen suka rufe da irin girmansu, ka rubuta, ka matsa taku biyu zuwa layi na gaba. Kafin azahar wandonka da hannunka sun yi ja da garin tsatsa, kamar ka yi birgima a jan ƙasa. Gobe ma haka, har kakar ta ƙare. Daga nan ne ido yake koyon abin da littafi ba ya koyarwa, har mutum ya kai ya hango layi mai kyau daga nesa. Amma kuma ga haɗarin: matashi yana iya shafe shekara uku yana tara wa babban shiri bayanai, sunansa yana fitowa na tara ko na goma sha biyu a maƙalu, ba shi da ko ɗaya da ya jagoranta. Ranar neman aiki a jami'a sai ya tarar ba shi da abin nunawa.

A Norwich ranarka tana tsakanin bencin gwaji, ɗakin renon tsirrai mai fitilu, da kwamfuta. Za ka koyi yanka tambaya ta zama ƙarama har gwaji ɗaya ya iya amsa ta, za ka tsaya gaban mutanen da suka fi ka sani su yi wa hujjarka fata-fata, ka koma ka gyara. Horon tunani ne da ban san na biyunsa ba. Nasa haɗarin shi ne gasa. Tambayar da kake bi wataƙila wasu ɗakuna uku a Jamus da Sin da Amurka suna bin ta, in suka riga ka bugawa, aikin shekara biyu ya rage daraja a dare ɗaya. Kuma wasu dabarun da za ka ƙware a kansu suna buƙatar na'urorin da ba kowace cibiya ke da su ba, don haka tambayi kanka ina za ka yi aiki bayan nan.

Batun takardar digiri da kuɗi gajere ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ba da digiri da kanta. Ɗaliban John Innes a Jami'ar East Anglia da ke maƙwabtaka da ita ake musu rajista, a cikin tsararren shiri mai tallafin shekaru. A CIMMYT kai ne za ka zo da rajistar wata jami'a, ka yi bincikenka a wurinsu, wanda ke nufin malamai biyu a ƙasashe biyu da ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. John Innes tana samun babban tallafinta daga hukumar binciken kimiyyar halittu ta gwamnatin Birtaniya. CIMMYT ta dogara da masu ba da gudummawa, kuɗin kuma galibi a ɗaure yake da ayyuka masu wa'adi, rushe hukumar agaji ta Amurka, USAID, a 2025 ya kuma nuna yadda irin wannan tushe yake iya girgiza. Kafin ka amsa tayi a ko'ina, nemi a rubuta maka ranar da kuɗin aikin zai ƙare.

Ga inda na tsaya. In burinka ka zama mai ɗakin bincike na kanka a jami'a, kana son sanin dalilin abubuwa, kuma za ka iya haƙurin shekaru a kan furotin ɗaya, nemi John Innes, domin kasuwar da za ka shiga da maƙalar da ka jagoranta ake ciniki a cikinta. In kuwa abin da ke hana ka barci shi ne gonar da tsatsa ta cinye, kana son ka zama mai samar da iri ko ka jagoranci shirin ƙasa, CIMMYT za ta ba ka abin da Norwich ba ta da shi: dubban layuka, gonakin gwaji a nahiyoyi, da mutanen da za ka yi shekara talatin kana musayar tsaba da su. Wanda kuma yake son duka biyun, ni na fi karkata ga ya fara da horon Norwich sannan ya tafi gona, don na ga komawa benci bayan shekaru a fili ya fi wuya a kan fita fili daga benci. Wasu abokan aikina masu samar da iri ba su yarda da ni ba, suna cewa idon zaɓen iri da ƙuruciya ake samunsa, kuma hujjarsu tana da ƙarfi.

Ita dai ɗalibar tawa, na ce ta juya takardarta ta baya. Ba cibiya ce za ta duba aikinta ba, mutum ɗaya ne a ɗaki ɗaya, kuma a cikin gida mai suna ma akwai ɗakin da ɗalibai ke shiga su fito hannu rabbana. Na sa ta rubuta sunayen malamai biyu da take so a kowane ɓangare. A ƙarƙashin kowanne ta nemo ɗalibai biyar na ƙarshe da suka gama a hannunsa: shekara nawa suka ɗauka, maƙala nawa kowannensu ya fito a matsayin marubuci na farko, in mai iri ne layi nawa daga aikinsa ya kai gwajin ƙasa, kuma ina suke yanzu. Sannan ta rubuta wa biyu daga cikinsu wasiƙa, ta tambaye su sau nawa suke ganin malamin a wata.

Bayan mako uku ta dawo. Mutum uku sun amsa mata, ɗaya har ya kira ta suka yi kusan awa guda suna magana. Ta soke suna ɗaya daga ɓangaren da tun farko ta fi so, ta ƙara wani da ba ya cikin jerin, wata mai bincike da aikinta kan tsatsa yake haɗa ɗakin gwaji da gona. Ta ce, "Malam, a duba mini wasiƙar neman kafin in aika." Na jawo kujera muka fara daga sakin layi na farko.